Kanwa a man shafawa

Shekarar da hannun Baba ya tsattsage, ni na naɗa kaina likitarsa. Baduku ne, a zauren gidanmu na Gwammaja yake ɗinkin jaka da takalmi, kuma rinin fata ya cinye masa yatsu har basilla ta fara gagararsa. In hannun nan bai warke ba, sana'ar shekara da shekaru ta tsaya ke nan.

Na kalli bidiyo biyu a waya, sai na ji duk Kano ba wanda ya kai ni sanin haɗa mai. Na narka man kaɗanya, na zuba man kwakwa da zuma da ruwan wardi, na hau burgawa da maburgin miya. Ina! Mai ya koma sama, ruwa ya kwanta ƙasa, kowa ya kama gabansa. Na sa a firji, ya fito da gudaji kamar kunun da aka dama da ganda. Na mayar wuta, ya sake tsinkewa. Haushi ya sa na zagi tukunyar, na zagi mai bidiyon har da danginta.

Ashe akwai wani sinadari da ke riƙe mai da ruwa, ni kuwa na tsallake wurin don sunansa ya yi min tsawo. Sai basirar kicin ta motsa. Ai kanwa na haɗa manja da ruwa, wace mace ce ba ta san wannan ba? Na jiƙa kanwa ungurnu, na tsiyaya ruwan a ciki. Nan take abu ya kama, ya yi fari sol, ga laushi. Wallahi har rawa na taka ni kaɗai a tsakar gida.

Kullum da hantsi sai in zauna gaban Baba, in kama hannunsa in mulke shi yatsa bayan yatsa. Yakan runtse ido, ni kuma gwanar in ce daɗi ne yake ratsa shi. A kwana na huɗu tsagar ta yi jawur, ta fara ruwa, na ce ciwon ne ke fita.

Ranar nan wuƙa ta yanke ni wajen yanka albasa, na lakaci man na shafa. Wayyo Allah! Ihun da na kurma sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Sabulu na haɗa, ɗanyen sabulu mai cin fata. Na fito zaure hawaye na zuba, kunya kamar ta kashe ni.

"Baba, haka yake yi maka?"

"Tun ranar farko, Uwata."

"To, don Allah me ya hana ka faɗa?"

Ya dubi hannuwansa da suka kumbura.

"Na ji tsoron ki daina zuwa ne. Tun rasuwar mahaifiyarki ba wanda ya ƙara riƙe min hannu."