Rakiyar Inna Suwaiba Zuwa Gindin Darbejiya

Tun rana ba ta yi zafi ba Inna Suwaiba take isa ƙaramin asibitin nan na gefen hanyar da ta fita daga Ƙauran Namoda ta nufi Shinkafi. Ta buɗe tagar kati, ta karkaɗe benci, ta cika randa, sannan ta ajiye takalmanta a bakin ƙofa suna fuskantar waje. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Aikin da aka ɗauke ta a kai bai wuce ta rubuta suna da gari ta miƙa kati ba, kuma mai irin wannan aiki ba ruwansa da takalmi har a tashi. Ita kuwa a rana sai ta saka su ta cire sau ashirin, domin duk macen da ta ga malamin asibiti ta karɓi magani, Inna sai ta raka ta har gindin darbejiyar da ke ƙofar asibitin.

Abokan aiki sun yi mata tsiya har sun gaji. Malam Anas, wanda ya daɗe yana duba marasa lafiya a wurin, ya taɓa ce mata da manya sun san tana son bakin ƙofa haka, da sun haɗa mata da aikin gadi. Mijinta Malam Lado kuwa, duk ranar da aka ce masa matarsa ta iya sauraron mutane, dariya yake har hularsa ta karkace, domin a gida, in ji shi, sai ya jira ta kai loma baki kafin ya samu ya sa tasa maganar. Kuma bai yi mata ƙarya ba. Inna Suwaiba mai surutu ce ta gidan gaba. Shirun da take yi a bakin aiki ba halittarta ba ne, koya ta yi, kuma da ƙyar ta koya.

Abin da ta lura da shi tun shekarunta na farko, kowa ya san shi, ba mai kula ne kawai. Mu mutanen nan ba ma faɗin abin da ya kawo mu a zaune. Mu gaisa, mu tambayi gajiya, mu tambayi yara da damina, mu sha ruwa, mu yi sallama, sai an rako mu an kusa rabuwa sannan mu ɗan tsaya mu ce, "Dama..." To balle matar ƙauye da aka zaunar gaban namiji baƙo, layi na bayanta kowa ya kasa kunne, shi kuma ya tambaye ta me ke damunta alhali bironsa ya riga ya fara rubutu. Zazzaɓi za ta ce, ko da abin da ya hana ta barci daban ne. Inna ta gane cewa rabin maganar asibitin nan a bakin ƙofa take fita, kuma babu kowa a can da zai ji ta.

Labarin da ya fi yawo a bakin ma'aikata shi ne na Kulsumu, kuma Malam Anas da kansa yake ba da shi, ba ya ɓoye nasa kason. Shekara goma sha takwas ke nan. Wata matashiyar uwa daga wani ƙauye kusa da Ɗan Isa ta zo da jariri a goye, ta ce tari yake. Aka duba, yaro ɓul-ɓul, ba abin da ke damunsa sai ƙiba. Aka ba ta maganin tari ta tafi. Bayan kwana uku ta dawo da shi, bayan kwana huɗu ta sake dawowa. A karo na uku Malam Anas ya yi mata faɗa, ya ce ta daina ɓata wa mutane lokaci. Ta sunkuyar da kai ta fita.

Zuwa biyu na farko Inna ta raka ta, ba ta samu komai ba sai godiya. Wannan karon ta rage tafiya, ta kama bakinta, har suka kai darbejiya ba wadda ta ce uffan. Kulsumu ta gyara goyo, ta ce, "To Inna, sai wata rana." Ta yi taku biyu ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Dama... ita waccan ma ba ta cin abinci."

Inna ba ta tambayi wace ce waccan ba. A gidaje da yawa na ƙasar nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, kuma sau da yawa kaka ce ke riƙonsa. Sai kawai ta ce, "Kwana nawa?"

"Yau sha ɗaya. Tana ɗakin tsohuwa. In ina shara bakin ɗakin ina jin nishinta. Ni ba ni da ta cewa, Inna, ke ma kin sani."

Ashe ba don jaririn take ta sintiri ba. 'Yarta ta fari, Nazifa, mai shekara bakwai, ita ce kwance, kuma kunya ta ɗaure wa uwar baki.

Da aka tashi aiki da azahar Inna ta hau ɗan kabu-kabu ta nufi ƙauyen, da kwalbar man zafi a jaka. Ta san surukar Kulsumu, Hajiya Ladidi, domin tana zuwa karɓar maganin gwiwa. Ta yi sallama a matsayin mai gaisuwa kawai. Tana zama ta hango yarinyar ta ƙofar ɗaki, kwance a tabarma, tafin hannunta fari fat. Inna ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin magana ta cika mata baki kamar ranar ba. Amma ta san idan ta riga tsohuwa ambaton yarinyar, za a gane Kulsumu ce ta kai ƙara, ta sha kunya, Hajiya ta kafe, a kuma rufe mata ƙofa ita da maganinta. Don haka ta zauna fiye da awa ɗaya tana jin labarin gwiwa, da tsadar gero a kasuwar Moriki, da akuyar maƙwabta da ta shiga gona. Tsoro ya ishe ta kada tsohuwa ta ƙi rakiya.

Inna ta yi sallama, Hajiya ta ɗauki sandarta ta biyo ta. Suka wuce rumbuna, suka wuce rijiya. A bakin gari tsohuwa ta tsaya tana haki.

"Suwaiba, dama akwai wata 'yar jikata nan ɗaki. Na yi jiƙo, na yi hayaƙi, abin ya ƙi. Tsoro nike ji a ce an ba ni riƙo na kasa."

Inna ta ce, "Hajiya, wadda tak kasa ba ta takowa har nan da wagga gwiwa don ta hwaɗi haka. Mu koma in gan ta."

Kafin magariba yarinyar tana babban asibiti, Hajiya ce da kanta ta rungumo ta a mota. Zazzaɓin cizon sauro ne ya shanye mata jini. Aka ƙara mata, ta yi mako ta tashi. Likitan da ya duba ta ya ce da an ƙara kwana biyu da ba wannan maganar ake ba. Har yau a ƙauyen ana yabon Hajiya Ladidi da saurin kai jika asibiti, kuma Inna ba ta taɓa gyara labarin ba. Malam Anas kuwa tun daga ranar ya koyi ajiye biro sai mara lafiya ya gama magana.

Inna Suwaiba, ke ce mai kunnen bakin ƙofa. Ke ce kika san cewa "lafiya lau" gaisuwa ce, ba amsa ba. Ke kika ji matar da ta zo da ciwon kai alhali kewar ɗanta da ya tafi ci-rani ke cinta, kika ji 'yan gudun hijira daga yankin Zurmi da suka zo neman magani amma suka fi bukatar wanda zai bar su su kai ƙarshen labari ba tare da ya katse su da "sai haƙuri" ba. Ba ki yi wa kowa allura ba, ba ki taɓa rubuta magani ba, amma mun san gidajen da ake dariya a cikinsu yau saboda takalman nan naki.

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi mata walimar ajiye aiki a harabar asibitin. Aka ci shinkafa, aka sha fura, aka yi jawabai, Malam Lado ya roƙi jama'a su taya shi addu'a domin yanzu shi kaɗai zai riƙa ji. Da aka tashi, mata suka ce yau ita za a raka. Suka sa ta a tsakiya har darbejiya. Cikinsu akwai wata mai furfura kaɗan a goshi, wadda tun safe ba ta ce komai ba sai gaisuwa. Kulsumu ce. Ta bari kowa ya gama, ta yi sallama, ta yi taku biyu ta tsaya. Inna ta ɗaga hannu, mata suka yi tsit.

"Dama... ita waccan ta sauka lahiya, shekaranjiya. Ɗiya mace. Ta ce sunanki za a sa mata."

Malam Lado ya rantse cewa a shekara arba'in na aure, ranar ce ya fara ganin magana ta ƙare wa Inna. Dariya take, hawaye na zuba, ta riƙe hannun Kulsumu ta ƙi saki.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya raya takwara, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Mu kuwa da muka rage, a asibiti muke ko a aji, a shago ko a tsakar gida, idan wani ya gama magana ya miƙe, mu ajiye abin da ke hannunmu mu saka takalmi mu raka shi. Kada mu cika masa kunne a hanya, kuma idan ya yi taku biyu ya tsaya, mu ma mu tsaya.