Jikka Tamanin Ta Dogo-Dogo

Na yi shekaru ina riƙe wa mutane lissafi, da yawa daga abin da ya wuce ta hannuna ya riga ya shuɗe mini, amma ranar da na karɓo jikka tamanin, wato sefa dubu tamanin, a Dogo-Dogo ba za ta bar raina ba har in koma ga Allah. Ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin ban daɗe da barin Damagaram ba. Wani Alhaji mai sayar da kaya sari a Magariya ya ɗauke ni aiki. Shinkafa, sukari, mai da sabulu yake ba masu kantunan ƙauyuka bashi, su sayar su kawo kuɗi. Kafin zuwana rabin bashin a babban littafi yake, rabi kuma a kan Alhaji. Sai ɗansa da ke karatu a Yamai ya kawo ordinatar, kwamfuta ke nan, ya sa mata lojisiyel, wato tsarin da ke riƙe lissafi. Kowane mai kanti da shafinsa. Wanda ya wuce kwana talatin bai biya ba, sunansa ya koma ja, kuma duk Litinin saƙo ya fita da kansa zuwa wayarsa da Faransanci, yana tuna masa abin da ake bin sa.

Ni aka zaunar gaban wannan na'ura, a wani ɗan biro, wato ofis, da ke ƙuryar magaza inda ake ajiye kaya. Mutanen da a da suke zama da Alhaji a sha shayi a ɗaga musu ƙafa, yanzu sai a ce su je wurina. Cikin wata biyu na zama mutumin da ba a son gani. In na ratsa kasuwa, gaisuwar da ake yi mini gajera ce. Masu lodin kaya suna cin abinci tare a bakin ƙofa, ni ina ci ni kaɗai ina kallon sunaye. Ban san fuskar yawancinsu ba, amma na haddace bashin kowa har dala ta ƙarshe.

Bayan kaka, Alhaji ya leƙo biro ya ce, "Jan nan ya yi yawa. In wata ya ƙare haka, zan nemi wanda zai iya." Wanda ya fi daɗewa a ja wani mai kanti ne a Dogo-Dogo, jikka tamanin, kusan wata huɗu. Ban buga masa waya ba. A ganina saƙo goma sha wani abu ya isa magana. Na hau moto, wato babur, na kama hanya, ina ta shirya kalaman da zan gaya masa.

Na tarar da kantin a rufe, yashi ya taru a bakin ƙofa. Wata mata ta nuna mini gidansu. A ƙofar gidan wani tsoho ne zaune kan tabarma yana tufkar igiya. Na yi sallama na faɗi daga inda nake. Ya ajiye igiyar ya ce, "Ai ina ta jiranku. Zauna, ɗana. Wanda kake nema ɗana ne, ya rasu wata uku ke nan."

Na yi masa gaisuwa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata ƴar waya da aka ɗaure da roba. "Tasa ce. Duk Litinin sai ta yi kuka. Na kai wa mushen lakkol, malamin boko, ya karanta mini. Shi marigayin, kafin ciwo ya kwantar da shi, ya ce mini ya biya. Amma mushe ya ce na'ura ba ta mantuwa. Na ce to, ƙila zafin ciwo ne ya ruɗa shi."

Ya shiga gida ya fito da kuɗi a ƙulle cikin tsumma. Jakinsa ya kai kasuwar Dungas ya sayar, wanda yake ɗebo ruwa da kai taki gona da shi. "Ba zan bar yarona ya kwanta da bashi a wuya ba," in ji shi. Na ƙirga, na rubuta masa resi, takardar shaidar biya. In faɗi gaskiya, a hanyar dawowa akwai tausayi a raina, amma akwai sauƙi ma. Babban ja ya fita, aikina ya tsira. Wannan sauƙin shi nake jin kunyarsa har yau.

Washegari da safe na buɗe ordinatar in shigar da kuɗin. Ina rubuta sunan, sai sunaye biyu suka fito, iri ɗaya har sunan uba. Ɗaya na Dogo-Dogo, ɗaya na Dantchiao. Na buɗe na Dantchiao, na ga an shigar masa da jikka tamanin wata huɗu baya, alhali na san bashinsa ƙanana yake biya. Na jawo tsofaffin littattafan resi ina juyawa. Ga shi nan, rubutun hannuna: jikka tamanin, Dogo-Dogo. Mutumin ya zo har biro ya biya. Ni na danna sunan da ba nasa ba.

Na rufe littafin resin. A waje ana ta lodin buhuna ana dariya. Babu wanda zan kira in ce, zo ka ga abin da na yi. Kuma na gane cewa in na yi shiru babu mai sani. Shafuka biyu duk sun yi tsabta, Alhaji bai yi asarar ko dala ba, tsoho kuma ya riga ya sallama. Kwana biyu ina zuwa aiki ina komawa ɗakin hayata da wannan abu. Sallah ma in na tayar, sai in ga tsumman nan ana kwance shi.

Rana ta uku na samu Alhaji bayan azahar na zayyana masa komai. Ya dube ni ya ce, "Kuɗi ba su dame ni ba. Kai ka sa uba ya ƙaryata ɗansa yana kabari." Ya ƙirgo jikka tamanin ya miƙo. "Kai za ka kai da ƙafarka. Na Dantchiao ma kai za ka gaya masa bashinsa ya dawo." Na Dantchiao ya zage ni son ransa, wannan bai yi mini zafi ba.

Na sami tsohon a inda na bar shi. Na durƙusa na ce, "Baba, ɗanka ya biya. Kuskure nawa ne, ga resin, ga kuɗinka." Bai kalli kuɗin ba. Ya ce, "Ya biya?" Na ce ya biya tun kafin ya kwanta. Ya miƙe da ƙyar ya leƙa zaure ya ɗaga murya, "Ku ji, ashe ya biya!" Sai na ji kukan mata daga ciki.

Ya dawo ya zauna. Na ce ko za a iya nemo jakin. Ya ce wanda ya saya ya tsallaka da shi Najeriya tuni. Can ya ce, "Tun yana ƙarami bai taɓa yi mini ƙarya ba. Wata uku ina kwana da cewa ya yi mini a ƙarshe." Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Na jaki na yafe. Ɗayan ka ba ni lokaci, ɗana."

Na hau moto na dawo ta cikin gonakin da aka girbe, babu kowa a hanya sai karan gero. Ban sake komawa ba, kuma ban san ko lokacin ya yi ba kafin shi ma ya rasu.

Har yau da lojisiyel nake aiki, kuma ba na ɗora masa laifi, abin da na ba shi ya riƙe. Abin da na koya shi ne, kafin in ce wa mutum ana bin ka, sai na ji muryarsa, na tambayi lafiyarsa, na saurari abin da zai ce. In ya ce ya biya, nakan fara zargin hannuna kafin in zargi bakinsa.