Malam Nasiru da ƙafar Babanmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau ina tsaka da lodi a tashar Birnin Kudu aka kira ni a waya, wai Malam Nasiru ya rasu. Na ce wane Nasirun? Na san ko wanne ne, zuciyata ce kawai ta ƙi yarda.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ɗan Yalwan Damai ne, malamin jami'a a Kano, mai bincike a kan ƙwayoyin cuta. Ni kuwa direba ne. Kujerar gaba ce ta haɗa mu. Duk ƙarshen mako, zai zo gida ko zai koma, motata yake jira, ko da ta gabana saura mutum ɗaya. Ga 'yar kularsa ta ƙanƙara a kan cinya, ba ya yarda a sa ta a but. Yaran tasha har suna ce masa Malam mai ƙanƙara.

Bai taɓa shiga motata hannu rabbana ba. In ba dabino ba, to gyaɗa.

Wata rana muna jiran fasinja na ce, "Malam, wai me kake yi da ƙwayoyin nan shekara da shekaru? Ba ka gama da su ba, ba su gama da kai ba."

Ya yi dariya ya ce, "Ai ni ba kisa nake nema ba, Sale. In ka matsa musu da kisa, waɗanda suka tsira sai su fi iyayensu taurin kai. So nake in hana su magana da juna."

Na ce yau ga sabon salo, ƙwayar cuta da hira.

Ya ce, "Motarka tana tashi da fasinja biyu?" Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce, "To su ma haka. Kowacce tana sakin wani sinadari, kamar sallama. Sai sun ji sallama ta yi yawa, sun tabbatar mota ta cika, sannan su tashi gaba ɗaya, su saki dafi, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa."

Sai ya nuna min 'yan kamashon da muke zaunarwa a mota don fasinja ya ɗauka an kusa tashi. Ya ce, "Irin waɗancan nake haɗawa a ɗakin gwaji. Sinadari mai kama da nasu, ya je ya zauna a kujera, alhali ba inda za shi. Na gaskiyar ya zo ya rasa wurin zama. Mota ba ta cika ba, ba ta tashi ba, jiki kuma ya samu sararin share su."

Tun daga ranar, in ya iso tasha sai ya leƙa ta taga ya ce, "Sale, tsakaninka da Allah, nawa ne na gaske a ciki?"

Bara ciwon suga ya buɗe wa Babanmu miki a ƙafa, can gida Gwaram. Kafin mu farga ya daɗe yana abin da kowa ke yi a wajenmu, a ɓare kafso a barbaɗa garin a kan miki, in an ga sauƙi a daina. Mikin ya koma kore, yana wari. A asibiti aka yi ta canza magani, shiru. Likita ya ja ni gefe ya ce in ba a ga canji ba, sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Mutumin da ko gona bai taɓa yarda a kai shi a babur ba.

Na je na samu Malam, na roƙe shi ya ba ni sinadarin nan ko cokali ɗaya ne. Na ce duk abin da ya faru mun yafe.

Ya ce, "Sale, a cikin kwalba kawai na ga aikin abin nan. Ban san me zai yi wa jinin mutum ba. Baba ba ɓeran gwaji ba ne. Ba zan ba ka ba."

Wallahi maganar ta yi min zafi ranar.

Washegari sai ga shi a asibitin da kularsa. Ya nemi izinin likitoci, aka ɗebar masa ruwan mikin, ya kai Kano, ya yi ta gwada magunguna ɗaya bayan ɗaya har ya gano wanda ƙwayar ba ta riga ta saba da shi ba. Ya kawo musu sakamako da kansa. Sannan ya tsuguna a gefen gado ya yi wa Baba faɗan kafso cikin ladabi, Baba yana ta cewa, "To, ɗan nan, na ji."

Yatsa ɗaya aka cire. Ƙafa ta tsira.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ce. Na ga ya rame, ya ce zazzaɓi ne. Muna hanya na tambaye shi yaushe maganin nasa zai fito. Ya ce, "Da sauran tafiya. Wataƙila ba ni zan ga ranar ba. Kai ma ka sani, wani ke lodi, wani ke jan mota. Ai ga ɗalibaina nan."

Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce to, ya miƙo min dabino.

Ɗazu bayan azahar aka yi jana'izarsa a Yalwan Damai. Na ɗauko Baba daga Gwaram. Maƙabartar da ɗan nisa daga gidan, ga yashi, sai na tsayar masa da ɗan acaɓa. Baba ya ture hannuna.

Ya ce, "Bar ni, Sale. Bayan Allah, yaron nan ne ya bar min ƙafar nan. Da ita zan raka shi."

Haka ya tafi a hankali, yana ɗingishi, shi ne a ƙarshen mutane, har ya isa bakin kabarin.

Ya Allah ka jiƙan Malam Nasiru, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka makwancinsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka ba ɗalibansa ikon kai motar nan inda ya nufa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai sa shi a addu'a ba.

Amin.