Ranar da Birki Ya Ƙi Ni a Gangaren Inugu

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na gangara tudun shiga Inugu da mota cike da ɗalibai ba. Ni mutumin Madadi ne ta Gwarzo, direban wata makarantar 'yan mata a Kabo. Karatuna bai wuce firamare ba. Tuƙi kuwa a hanyar Gwarzo zuwa Kano na koye shi, wadda kun sani a shimfiɗe take kamar tabarma.

Malama Rabi, mai koyar da tarihi, ita ta dage sai 'yan ajin ƙarshe sun je sun ga tsohuwar mahaƙar kwal, gawayin ƙasan da jirgin ƙasa ke ci a da. Ƙa'ida ita ce sai ofishin ilimi na shiyya ya ba da izini, kuma kowane uba ya yarda. Iyaye da yawa ba su amince ba sai da suka ji ni zan tuƙa. Wani dattijo ya riƙe hannuna ranar tafiya, ya ce ni ya ba amanar 'yarsa, ba makaranta ba.

Mun kwana a hanya, da hantsi muka iso tudun. Titi ya nannaɗe jikin dutse, dama dutse, hagu rami. Mu direbobin nan muna da wata al'ada: in an zo gangare sai a cire giya don rage shan mai, a bar mota ta tafi, ƙafa na kan birki. Haka aka koya mini, haka na yi.

Ban kai rabi ba na ji ƙauri. Na taka birki, ya nutse har ƙasa kamar soso. Malama tana gefena, ta ga fuskata.

"Malam Sani, lafiya?"

"Malama, birki ya tafi. Kada kowa ta tashi daga kujera."

Ba ta yi ihu ba. Ta juya ta ce kowa ta riƙe kujerar gabanta, ta shiga yi musu tambayoyin darasi. Wata daga baya ta ce Baba direba ya fi su ƙosawa ya ga kwal, aka yi dariya.

Na ba injin wuta, na lallaɓi giya ta uku har ta shiga, sannan ta biyu. Mota ta yi ƙara kamar za ta tsage. Ina jan birkin hannu kaɗan ina saki. Da na ga kwana a gaba, na jingina gefen motar da dutsen, ta yi ta gogawa har ta tsaya cak.

Wani dattijon direban tifa, Ibo, ya tsaya. Ya taɓa zama a Sabon Garin Kano, Hausarsa tas. Ya shinshina tayar ya ce, "Ɗan Kano ko? Ku kaɗai ke saukowa haka." Na ɗauko jarka zan watsa ruwa, ya hana ni, ya ce ƙarfen birkin zai lanƙwashe. Muka jira birki ya huce, ya shiga gabana a hankali har ƙasa.

Ranar yaran suka tsaya a bakin ramin kwal. Mai zagayawa da mu ya gaya musu daga nan wutar jirgin da ke zuwa Kano take fitowa a da. Na ga suna leƙawa suna ta tambaya, sai na koma bayan mota na yi sujada.

Kowacce na miƙa ta hannun iyayenta ba ƙwarzane, fentin mota kawai aka gyara. Ku sababbin direbobi, ƙwarewarku ta hanyar gida ce kawai. In kun shiga ƙasar wasu, ku tambayi direbanta. Kuma giyar da za ta hau da kai tudu, da ita ake sauka.