Fuskar Inna a Ƙarƙashin Blanko

Ranar ashirin da biyar ga Disamba, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, tun kafin a buga ƙarfen majami'a ina tsaye bakin ƙofa da sabuwar rigar da tela bai gama sa ma maɓalli ba. Ba shinkafa da nama suka sa ni sammako ba. Takardar waƙoƙin Kirsimeti nake jira, wadda aka je Maradi aka bugo, don zanena ne a bangonta. Malam Dauda, mai koya mana Littafi ran Lahadi, ya sauko daga babur da kwali ɗaure a baya, ya zaro ɗaya ya miƙo mani, idonshi na wani wuri. Na duba. Ga Maryamu zaune bisa tabarma da jariri a cinya, ga tulu gefenta, ga kallabinta, ga sunana a ƙasa, Ishaku. Komai yana nan, ban da fuska. Fara fat, ita da jaririn, da wani siririn hanci da aka ja da bik.

Bari in koma baya kaɗan, don ku gane abin da ya ɓace. A Jiratawa na tashi. Babanmu yana da fili a wurin noman rani, albasa da tattasai da zogale a gefen kunya, kuma aikina da an tashi lakwal shi ne in buɗe ma ruwa hanya in toshe, in kori awaki. Tsakanin wannan fangali da wancan akwai jira mai yawa, to a nan na koyi zane, da tsinke bisa laka. Jaki, amalanke, mata masu tallar zogale, har mushenmu, malamin lakwal, da tumbinshi, wanda ya jawo mani bulala shida. Ba wanda ya koya mani. Amma Malam Dauda ne mutum na farko da ya tsaya ya kalli abin da na yi bai ce wasan banza ba ne. Shi ya sayo mani kaye, littafin rubutu marar layi. Yakan ce, “Hannun nan naka Allah ya ba ka, kada ka bari ya kwanta.” Ni kuwa da ya ce in shiga gulbi lokacin da ya ciko, da na shiga.

A majami'armu hoto ɗaya ne, tsohuwar kalanda da ta zo daga waje, an yanke kwanakin an bar hoton. Yesu ne da gashi mai santsi har kafaɗa, idanu kamar ruwan bula, yana rungume da ɗan rago fari tas irin wanda ba mu taɓa gani a garke ba. Mu yara mun ɗauka duk mutanen sama haka suke, har muna gardama ko in mutum ya mutu sai an wanke shi ya yi fari kafin ya shiga. Shi ya sa da Malam ya ce in zana Maryamu da jariri, kuma za a raba takardar har majami'un Maradi da Tibiri, na kwana biyu ina ƙoƙarin yin baturiya, hannuna ya ƙi. Ban san yadda baturiya ke zama in tana shayarwa ba. Wadda na sani ita ce Inna, da ƙanena Luka mai wata uku.

Inna Bagobira ce daga Tibiri, baƙa sosai, da tsage a kumatu biyu da suke buɗewa kamar gashin tsuntsu in ta yi dariya. Sati guda na sa ta zama bisa tabarma bayan ta gama daka. Ta yi ta mita: “Kai dai ka cika fitina, tuwo na jirana.” Amma kullum sai ta gyara kallabi kafin ta zauna. Kala ba ni da ita, sai na haɗa tawa. Na kankaro baƙin tukunya, na niƙa jar ƙasa, abokina Sani ya samo mani ƙaro daga wanda babanshi ke haɗa tawada. Ya ce su musulmi ba su zana annabawa, don haka ba zai kalla ba, amma kullum sai ya tambaye ni ko ta bushe. Na ja tsagen nan ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya. Da na kai ma Malam, ya daɗe yana kallo, ya dafa kaina ya ce ya yi.

To, ran Kirsimetin Inna ta shigo da sabon zane, ta riga ta gaya ma 'yan'uwanta na Tibiri su duba takarda za su gan ta. Ta karɓa, ta juya ta, ta sake juyowa. A hankali ta ce, “Tulun dai namu ne.” Daga nan ta naɗe ta ta riƙa fifita da ita, alhali ana sanyi. Mutane kuwa sai yabo suke, wai yaron ya iya kamar na kalanda. Bayan sujada Malam ya ja ni gefe ya ce injin fotokopi ne, ba ya ɗaukar baƙi, sai ya wanke shi, shi ne ya ɗan ƙara hanci don kada fuskar ta zama fili. Na yarda. Shekara takwas ina jin haushin wani inji da ban taɓa gani ba.

Sai da na kai sha takwas na samu aiki a wani shagon fotokopi a Sabon Garin Maradi. Ko sati ban yi ba na gane abin da duk mai wannan aiki ya sani: inji ƙara ma baƙi baƙi yake, bai taɓa mai da shi fari ba. Ran Lahadin nan na tafi gida na zazzage kabad ɗin majami'a, na samu zanena na asali cikin tsofaffin takardu. Blanko ne, farin ruwan nan da ake shafe kuskure da shi, an lafta shi bisa fuskokin har ya yi ɓawo. Na sa farce a hankali. Ya ɓamɓaro da jar ƙasar da fatar takardar gaba ɗaya, sai rami.

Yanzu fa wannan abu ya zame mani karatu, kullum ina cikin waya ina tono. Ku je ku duba da kanku, don Allah. A Habasha Maryamu jar fata gare ta da manyan idanu, kuma sun fi shekara ɗari da ɗari suna zana ta haka. A Sin da Koriya an yi mata idonsu da rigarsu. A Kamaru an zana Yesu baƙi, zaune a ƙauye mai bukkoki. Wanda ya yi na kalandarmu ma danginshi ya kalla, ba wanda ya ɗauki hoto a Baitalami. Na kwashi duk wannan na je Zariya, inda Malam Dauda ke zaune wurin ɗanshi, ya tsufa. Na ajiye mashi takardar mai rami. Bai yi musu ba. Ya ce ba wanda ya sa shi, dattawa ma ba su ga zanen ba, shi ne ya ji nauyin a ce uwar Ubangiji da tsage. Na nuna mashi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Suna da kyau, ɗana. Amma na gaskiyar fa?”

A da muna da hoto ɗaya a bango, ba mu san akwai wani ba. Yau wayata cike take da Maryamu ta kowace ƙasa, yaran majami'armu suna shafa ma fuska kalar da suka ga dama ba mai ce masu komai. Inna tana nan da ranta, sai dai tsagen ya nutse cikin tamoji, kuma ba ta da hoto ko ɗaya na wancan lokaci. Na sha roƙonta ta sake zama mani, sai ta ce in je in nemi mai kyau in zana. Takarda zan iya sake saye, amma ban san inda zan samo matar da ke gyara kallabi kafin ta zauna ba.