Sunan da Malam Isa Ya Ƙi Rubutawa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mijina, Malam Isa. Tsofaffin Lafia ƙalilan da suka rage za su iya tuna shi: malamin elemantare, dogo, kullum a kan keke, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana gudun ya tashi mai barci. Duk shekara 'ya'yana kan tara mutane a yi masa addu'a, a ci tuwo, a watse. Bana na ce a bar ni in yi nawa da alƙalami, tunda shi ya koya mini riƙe shi, kuma a kan alƙalami aka ci mutuncinsa a garin nan.

Abin ya faru cikin shekarun hamsin, gab da tafiyar Turawa. Lokacin Lafia ƙaramin gari ce, Azuba da ake ta gine-gine yanzu duk gonaki ne da daji. Wasu manoma suka hauro daga wajen Binuwai da iyalansu, aka ba su wuri a gefen wani rafi ta hanyar Kwandere, suka kafa bukkoki suna noman doya da riɗi. Ɗaya daga cikinsu, Yohanna, shi ke kawo mana doya har gida. Ba mu da wata matsala da su, kuma ban san wanda yake da ita ba.

Sai wani rani mai tsanani ya zo da ciwon amai da gudawa. Yara ya fi kamawa. Yaro zai wuni yana wasa, jibi a fita da shi a tabarma. Ya shigo gidanmu ya ɗauki 'yarmu, tana shekara uku. 'Yar fari ce, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba, don kunya. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Har ta tafi sunan bai fita daga bakina ba.

Akwai wani Garba, akawun wani attajiri mai sayen riɗi, abokin Malam tun suna 'yan makaranta. Shi ya fara rubuta takarda. A zamanin masu karatu ba su da yawa, don haka takarda ta kunne ce: a kwafa da hannu, ranar kasuwa a hau kan buhuna a karanta wa jama'a. Ina ba Garba haƙƙinsa, ya iya. Ko sau ɗaya bai ce baƙi sun zuba wa rafi guba ba. Tambaya kawai yake yi. Kafin su zo, wa ya taɓa shan ruwan nan ya kwanta? Su wa ke zaune a saman rafi, su wa ke ƙasa? Sai ya yi shiru, ya bar taro ya ba da amsa, kowa ya koma gida yana jin shi ya gano da kansa. Kalmar "'ya'yanmu" kuwa yana ta maimaita ta har sai mata sun fara kuka. Kafin ya sauko daga kan buhuna ya raba garin biyu, akwai "mu" akwai "su".

Washegari Yohanna ya zo ba doya a kansa. Ya tsuguna a zaure, ina jin su daga tsakar gida, yana magana da irin Hausarsa.

"Malam, yarana biyu ya mutu. Matana ba ya cin abinci. Ni ne zan sa magani a ruwa in kashe nawa? Kai ka san takarda. Ka gaya musu."

Malam ya zauna ya rubuta, da ya gama ya karanta mini. Ya fara da cewa Garba ya yi gaskiya, ciwon ya zo ne bayan zuwan baƙi, amma don abu ya biyo bayan wani ba shi ke nuna wancan ya haife shi ba. Sannan ya jero hujjojinsa a natse. Rafi ya ƙafe, saura kududdufai, a nan shanu ke sha, a nan ake wanki, a nan ake ɗiban na tulu. 'Ya'yan baƙin ma suna mutuwa. Gidajen da ke shan rijiya mai zurfi ciwon bai cika shiga ba. Ya rufe da roƙon a riƙa tafasa ruwa. Babu zagi, babu habaici, ko sunan Garba sai da ya haɗa da "ɗan'uwana".

Na ce, "Malam, duk gaskiya ne, amma ba wanda zai tsaya ya ji. Ka sa yarinyar nan a ciki. Ka ce musu kai ma ka binne taka. Idan uban da ya rasa 'ya ya ce ba baƙi ba ne, wa zai musa?"

Ya ajiye takardar. Ya ce, "Hajara, mutuwarta ba hujja ba ce. Ba ta nuna ruwa ne, ba ta nuna guba ce. Idan suka yarda da ni don sun ji tausayina, gobe wanda ya fi ni iya sa su kuka zai juya su. Kuma ba zan ɗauki 'yata in kai kasuwa ba."

Ranar kasuwa ya karanta. Bai kai rabi ba mutane suka fara zamewa. Abin da suka tafi da shi gida jimlar farko ce kaɗai: ai Malam Isa ma ya ce Garba ya yi gaskiya.

Kasuwar da ta biyo ina wurin, na je sayen daddawa. Garba ya hau buhuna da sabuwar takarda. Wannan karon sunayen yaran da suka mutu ya riƙa kira, ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa bayan kowane suna har sai uwar ta yi kururuwa daga cikin taro. Na ƙarshe shi ne sunan 'yata. Sunan da na yi shekara uku ina ɓoyewa a bakina, na ji shi a tsakiyar kasuwa, a bakin mutumin da ya ci tuwon sunanta. Ya sassauta murya ya ce, "Ubanta yana nan da rai, yana rubuta wa waɗancan mutane takardar kariya. Ni ban ce komai ba. Tambaya nake yi: wane irin uba ne wannan?"

Ban san yadda na kai gida ba. Ko yau ba zan rubuta sunan a jarida ba.

Da rana tsaka aka je aka cinna wa bukkokin baƙin wuta, har da rumbunan doya. Ba a kashe kowa ba, aka dai kore su da abin da ke jikinsu. Yohanna bai zo sallama ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ba a jima ba damina ta sauka, rafi ya cika ya wanke ƙazantar, ciwo ya tsaya. Mutane suka ce, kun gani, sun tafi ciwo ya tafi. Ruwan saman da ya tabbatar da maganar Malam shi aka mayar shaidar Garba. Gonakin bakin rafi kuwa, kafin shekara ta zagayo, riɗin maigidan Garba ne a cikinsu. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga ajin Malam, na sama da shi suka ce yana tayar da hankalin gari, aka tura mu wani ƙauye mai nisa. Mun daɗe a can. Bai sake rubuta wa jama'a ko layi ɗaya ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A da sai Garba ya jira ranar kasuwa, ya nemi buhunan da zai hau. Yanzu kowa da kasuwarsa a aljihu. Ina jin abin da ake karantowa daga waya, ina jin masu kira a rediyo, kuma na gane salon tun daga jimlar farko: tambayar da ba amsa take nema ba, "mu" da "su", hoton gawar yaro da ba a nemi iznin uwarsa ba. Wanda ya ce a tsaya a bincika, sai a tambaye shi nawa aka biya shi. Ina jin Malam zai saurara, ya gyara tabarau, ya fara da "akwai gaskiya a maganarka", su kuma su yanke nan su yaɗa.

Ba zan ɓoye ba, har yau ina da sauran fushi da shi. Da ya ji maganata, wataƙila da bukkokin nan ba su ci wuta ba. Yohanna ba tsabtar hujja ya zo nema ba, rufin ɗakinsa ya zo nema. Na faɗa wa Malam haka bayan shekaru, muna zaune a inuwar mangwaro a wancan ƙauye. Bai kare kansa ba. Ya ce shi ma yana tunanin haka, amma duk lokacin da ya gwada rubuta jimlar a ransa, hannunsa ba ya yarda. Na gane a ranar cewa shi ma bai huta ba, sai na bar maganar.

Da ya rasu, Garba ya zo ta'aziyya. Lokacin ya zama babban mutum, da mota da 'yan rakiya. Aka ba shi dama ya yi magana, ya yi ta yabon Malam, mutum mai haƙuri, mai sanyin harshe, wanda bai taɓa ɓata wa kowa ba. Muryarsa tana rawa daidai inda ya kamata ta yi rawa. Maza suna share hawaye. Ina daga cikin ɗaki ina ji, abin da ya fi ba ni haushi shi ne ni ma idona ya cika.

Me ya rage na Malam? Takardunsa gara ta cinye. Babu layi ko makaranta mai sunansa. Akwai dai 'yan tsofaffi da suka zauna a ajinsa, waɗanda idan gari ya ɗauki zafi ba a ganinsu cikin masu gudu da ashana, da 'ya'ya shida da ba a taɓa kama ɗayansu da yi wa wani ƙazafi ba. Ban sani ba ko wannan ya isa ladan mutum a duniya. A wurina bai isa ba.

Allah ya jiƙan Malam Isa, ya haɗa shi da 'yarsa. Garba ma ya riga mu gidan gaskiya. Addu'arsa na bar wa waɗanda suka amsa tambayoyinsa.