Ɗakin Inna a Kan Iyaka

Shekaru sun ja, amma har in koma ga Allah ba zan manta da abin da ya faru a kan ɗakin Innarmu ba.

Ni da yayana mun sayi filaye biyu manne da juna a bayan unguwar Dogo Nini, lokacin wajen duk gonaki ne, mu kuma muna haya a nan kusa. Da mahaifinmu ya rasu sai gardama ta tashi a kan wanda Inna za ta zauna wajensa. Yaya ya ce shi ne babba, na ce ni ne auta, kuma ni da ma taurin kai ne da ni. Da ta gaji da mu sai ta ce a kai ta ta ga filayen. Ta taka har kan turken simintin da ya raba su, ta dogara sandarta ta ce, "Nan za ku gina min."

Haka aka yi. Ɗaki ɗaya na bulo da 'yar rumfa, rabi a nawa rabi a nasa, ta tare a ciki ita da jikarta ɗaya. Gadonta ya faɗa ɓangaren Yaya, dardumar sallarta a nawa, har nakan tsokane shi cewa minshari kawai ya samu, lada na wajena.

Wata safiya mai karɓar harajin filaye ya zo, ya zagaya ɗakin yana sosa ƙeya.

"Hajiya, wannan ginin na wane fili ne?"

"Na 'ya'yana ne."

Ya yi mana bayani cewa fili mai gini ya fi marar gini haraji, kuma tunda ɗakin ya hau duka biyun, kowannenmu na gini zai biya. Sauƙinmu shi ne mu haɗe filayen da suna ɗaya. Yaya ya ce a sa sunana, na rantse sai dai nasa, muka sake kaurewa.

Inna ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, rubuta su su biyu. Ni ma da na raine su ba wanda ya yi min ragi."

Tun daga nan duk shekara tare muke zuwa biya a kan babur ɗin Yaya, muna mita a hanya, mu dawo mu tarar ta dama mana fura a rumfa. Wallahi ina kewar wannan mitar.

Inna ta rasu, ba a daɗe ba Yaya ya bi ta. Da aka raba gado 'ya'yansa suka sayar da filinsa, ban kuma ga laifinsu ba, suna da bukata. Wanda ya saya zai ja katanga, rabin ɗaki kuwa ba ya tsayuwa. Ina tsaye aka cire kwanon rufin, aka rushe ɗakin.

Da na je biya ni kaɗai, ma'aikacin ya duba ya ce da fara'a, "Alhaji, ka huta, filinka ya koma marar gini, harajinka ya sauka."

Na yi masa godiya, na fito na zauna a bakin titi, hawaye ya ƙi tsayawa. Ranar na gane cewa ɗawainiyar da mutum yake ƙorafi a kanta, wani lokaci ita ce shaidar cewa nasa suna raye. Shi ya sa duk wanda na ji yana kukan nauyin iyaye ko 'yan'uwa nakan ce masa ya gode wa Allah, ranar da za a sauke masa ba daɗi zai ji ba.